Bayan tiyatar ƙirji, "da sauƙi" ba ta isa amsa ba

Wanda ya karye a ƙafa ana ɗaure masa ita a hana shi takawa har ƙashi ya kama. Wanda aka yi wa ɗinki a hannu sai ya rataye shi ya daina aiki da shi. Ƙirji ba ya samun wannan hutun. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, abin da ya kai wajen sau 20,000 a kwana, kuma kowane numfashi sai ya ɗaga haƙarƙari ya sauke. Idan aka tsaga ƙirji aka ɗinke, raunin zai yi ta motsi dare da rana tun daga sa'ar da aka turo mutum daga ɗakin tiyata. Dalili ke nan da likitoci ke lissafa aikin ƙirji cikin waɗanda suka fi raɗaɗi, kuma dalili ke nan da rage wannan raɗaɗin ya zama wani ɓangare na jinyar kanta, daidai da ɗinkin da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Maganar ta shafe mu kai tsaye, mu Hausawan Saudiyya. Akwai haifaffun Makka da Madina da Jidda da Ɗa'ifa, waɗanda kakanninsu suka biyo ta Sudan suka tsallako Bahar Maliya tun zamanin tafiyar ƙasa. Akwai masu zaman aiki da iƙama, wato takardar izinin zama, da tamini, wato inshorar da kamfani ya yi musu. Akwai kuma alhazai da masu Umara da ciwon zuciya ke kayarwa a tsakiyar ibada. Kowace shekara Ma'aikatar Lafiya tana sanar da yawan aikin buɗe zuciya da aka yi wa baƙin Allah kyauta, a wurare irin su Birnin Lafiya na Sarki Abdullah da ke Makka. Kayan aiki da ƙwarewa akwai su. A watan Satumbar 2024 Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad ya sanar da dashen zuciya da aka yi wa wani yaro ɗan shekara 16 da hannun mutum-mutumi tun daga farko har ƙarshe. Inda abin ya fi sukurkuce wa mutanenmu shi ne 'yar tazarar da ke tsakanin gado da ma'aikaciyar jinya: me aka tambaya, me aka amsa, me aka rubuta.

Aikin ƙirji iri-iri ne, zafinsa ma haka. A tiyatar zuciya, kamar sauya hanyar jinin da ta toshe ko canza bawul, galibi ƙashin tsakiyar ƙirji ake tsagawa daga sama zuwa ƙasa, a gama a ɗaure shi da wayar ƙarfe marar tsatsa da za ta zauna a jiki. Wannan yankan ya fi ban tsoro a ido, amma yawanci bai kai na gefe zafi ba, in dai ƙashin ya ɗauru ba ya gugar juna. Na gefen shi ne na huhu: cire ƙari, ko yanke sashen da tarin fuka ya lalata, ko kankare mugunyar da ta daskare a jikin huhu. Likita zai ratsa tsoka, ya shiga tsakanin haƙarƙari biyu, ya sa ƙarfe ya ware su. To a ƙarƙashin kowane ƙashin haƙarƙari akwai jijiyar ji da ta taso daga gadon baya ta zagayo gaba. Ƙarfen nan yana danne ta na sa'o'i, wani lokaci ƙashin ya ɗan tsage, ɗinkin rufewa ma yana iya matse ta. Tun farkon shekarun 1990 aikin ƙananan huji da kyamara ya yaɗu, ya kuma rage zafi da kwanakin asibiti ƙwarai, sai dai hujin ma ta tsakanin haƙarƙari yake bi, don haka jijiyar ba ta tsira gaba ɗaya.

Sai tiyon da ake bari a ƙirji yana tsiyayar da jini da ruwa da iska. Marasa lafiya da yawa sun fi kuka da shi a kan yankan, domin bakinsa yana gugar tantanin da ya lulluɓe cikin ƙirji, wanda yake da saurin jin zafi. Akwai kuma ciwon kafaɗa da ke rikita dangi. Za ka ji ana cewa ai an fizge masa hannu ne a ɗakin tiyata, ko kuma sanyin na'ura ne ya kama shi. Yadda aka kwantar da hannun yana da nasa kason, amma babban dalilin shi ne jijiyar da ke kula da tantanin da ya raba ƙirji da ciki daga wuya take fitowa, wuri ɗaya da jijiyoyin kan kafaɗa, sai ƙwaƙwalwa ta kai saƙon zafin inda ba nan aka taɓa ba.

Mutumin da numfashi ke yi wa zafi ba sai an koya masa ba, zai taƙaita shi. Zai riƙa ɗan shaƙa sama-sama, ya guji tari, ya ƙi juyi. Ƙananan aljifan iskar da ke ƙasan huhu, da yake iska ba ta isa gare su, sai su manne. Majinar da ta taru saboda maganin sa barci da tiyon numfashi ta zauna ba mai fitar da ita. Kwana biyu ko uku sai zazzaɓi, sai iskar jini ta yi ƙasa, sai nimoniya, wani ma har a mayar da shi inaya, wato ɗakin kulawa ta musamman, bayan an riga an fito da shi. A lokaci guda zafi yana ƙara bugun zuciya da hawan jini, wato yana sa zuciyar da aka gama gyarawa jiya aikin da ya fi ƙarfinta. Wanda ya ƙi tashi daga gado jini na iya daskare masa a ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Tsoho kuwa in zafi ya hana shi barci dare biyu yana iya rikicewa, ya fara sambatu yana fizge tiyo, dangi su shiga neman mai ruƙiyya. Duk wannan jerin daga abu ɗaya ya faro, kuma abin yana da magani a cikin ɗakin da mutumin yake kwance.

A nan ne tarbiyyarmu take shigowa. "Ya jiki, Baba?" "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Amsa ce ta ladabi da kyautata zato ga Ubangiji, kuma ba na fatan mu rabu da ita a gaisuwar 'yan dubiya. Amma idan sista ce ta tambaya da kwamfuta a gabanta, amsar ta zama lamba. Za ta rubuta 1 ko 2 cikin 10 ta wuce gado na gaba. Magungunan zafi masu ƙarfi da yawa likita yana rubuta su ne da sharaɗin a bayar idan marar lafiya ya buƙata. Wanda bai nuna buƙata ba, maganinsa yana nan kulle a kabad da sunansa a kai, shi kuma yana cije leɓe.

Dalilan shirun ba ɗaya ba ne. An raini namijinmu a kan cewa raki abin kunya ne. Macen da aka yaba mata don ta haihu ba a ji muryarta ba, ba yau za ta fara kiran sista saboda ciwo ba. Alhajin da aka yi wa aikin zuciya kyauta yana ganin in ya buɗe baki ya yi ƙorafi ya zama butulu a gidan mutane, yana kuma jin cewa ciwo a ƙasa mai tsarki kankarar zunubi ne da bai kamata a nemi rage shi ba. Sannan ga kunyar surukuta, wadda ba kasafai ake lura da ita ba: Hajiya tana kwance, wanda ya iya Larabci a ɗakin mijin 'yarta ne, ta yaya za ta ce masa kwana uku ba ta zaga ba, ko fitsari ya ƙi fita? Alhali waɗannan su ne illolin da likita ke jiran ji don ya san ko zai canza magani.

Batun lada kuwa, addini bai bar mu cikin duhu ba. Annabi Ayyuba, wanda ake buga misalin haƙuri da shi, ya faɗa wa Ubangijinsa cewa cuta ta shafe shi, kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya. Sahabi Usman ɗan Abil Asi ya je ya gaya wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ciwon da ke damun jikinsa, ba a ce masa ya yi shiru ba, sai aka koya masa ya ɗora hannu a wurin ya yi addu'a. Malamai sun raba tsakanin fushi da ƙaddara da kuma bayyana ciwo ga mai magani. Na farkon ne aka hana.

Ma'aunin da ake amfani da shi a yawancin asibitoci shi ne sifili zuwa 10, sifili babu ciwo, 10 mafi tsananin da mutum zai iya tunani. Ga wanda bai saba ba akwai na fuskoki, daga mai murmushi zuwa mai hawaye. Duka biyun suna da rauni a wurin dattijon da bai taɓa sa wa ciwo lamba ba, kuma tambayar kanta sau da yawa tana ratsa harsuna uku kafin ta iso shi: sista daga Filifin ko Indiya, Larabcinta na aiki ne, ɗan rakiya ya juya zuwa Hausa, amsa ta koma ta wannan hanyar. A ganina duk wanda aka kira tafinta a irin wannan wuri ya ɗauki amana mai nauyi, kuma kuskuren da ya fi sauƙin yi shi ne tausasa magana. Kada ya tsaya a "ya jiki". Ya ce, "Baba, ja numfashi har ƙasa mu gani. Yanzu yi tari. To a ina ya tsaya maka?" Ciwon da mutum ke ji yana kwance shiru da wanda yake ji in ya yi tari abubuwa biyu ne, kuma na biyun ne ke nuna ko huhu zai buɗe. Mutum yana iya zama 2 a kwance, 8 a tari. Sai a faɗi duka biyun. A kuma faɗi irin ciwon, domin zogi mai nauyi daban yake da ƙuna ko tsirawa irin ta wutar lantarki. Na biyun alamar jijiya ce, maganinta ma daban. In tafinta ya ga gumi a goshi, hannu ya damƙe ƙarfen gado, baki kuma yana cewa da sauƙi, ya gaya wa sista abin da aka ce da abin da ya gani. Jiki magayi.

Burin ma a fahimce shi. Ba a neman sifili. Wanda aka yi wa alkawarin ba zai ji komai ba an yaudare shi. Ana neman zafin ya sauko inda mutum zai iya jan numfashi sosai, ya yi tari ya fitar da majina, ya taka zuwa banɗaki, ya yi barci.

Hanyar da ake bi yanzu ita ce haɗa magunguna daban-daban kaɗan-kaɗan, kowanne ya tare ciwon ta ɓangarensa, maimakon a jibga guda ɗaya. Tushen shi ne farasitamol, wanda muka fi sani da Panadol. Mutane suna raina shi, su ce an tsaga mini ƙirji a ba ni maganin ciwon kai? Amma in ana shan sa a kan lokaci ba sai ciwo ya taso ba, yana rage yawan magani mai ƙarfi da za a buƙata. Iyakarsa giram 4 a kwana ga babba mai lafiyar hanta, ƙasa da haka ga tsoho marar nauyi, kuma magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki, sai a ninka ba a sani ba.

Dangin Brufen da Voltaren suna aiki sosai a ciwon ƙashi da tsoka, kuma likita yana iya bayar da su bayan aikin huhu in ƙoda lafiya take. Haɗarin shi ne ana samun su a saidaliyyar bakin titi, wato kantin magani, cikin sauƙi, ɗan'uwa ya sayo don tausayi ya miƙa a ɓoye. Suna taɓa ƙoda, suna tayar da gyambon ciki, suna ƙara zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini irin asfirin ko wafarin. Hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kansu ga wanda aka yi wa aikin sauya hanyar jinin zuciya. Kada ƙwaya ɗaya ta shiga bakin marar lafiya ba da sanin likitansa ba.

Sai mofin da danginsa, wato magungunan zafi masu ƙarfi. A nan tsoronmu yana da asali. Mun ga abin da tiramadol da kodin suka yi wa matasa a Arewa, har Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, kuma kowa ya san tsananin hukuncin Saudiyya a kan ƙwaya. Saboda haka dattijo yana jin sunan sai ya kau da kai, yana gudun ya koma gida ɗan ƙwaya. Gaskiyar ita ce 'yan kwanaki a asibiti, ana aunawa ana sa ido, haɗarin jarabta kaɗan ne. Inda haɗarin yake ƙaruwa shi ne a ci gaba da sha a gida makonni bayan buƙata ta wuce. Illolin da za a sa wa ido su ne tashin zuciya, ƙaiƙayi, taurin ciki da gyangyaɗi. Mafi muni shi ne numfashi ya yi sanyi. In mai jinya ya ga ana tashin mutum da ƙyar, ko numfashinsa ya ragu sosai, ya kira sista nan take. Akwai allurar da ke karya ƙarfin maganin cikin mintuna.

Wasu asibitocin suna ba marar lafiya maɓalli a hannu, ya danna na'ura ta tura masa ɗan ƙaramin kaso na maganin ta jijiyar jini, sannan ta kulle na wasu mintuna, galibi wajen 5, ko ya sake dannawa ba za ta bayar ba. Hikimar ita ce wanda magani ya fara yi wa yawa barci zai ɗauke shi, hannunsa ya saki. Don haka idan ɗa ya ga mahaifinsa yana nishi cikin barci ya danna masa, ya rushe kariyar gaba ɗaya. Mai ciwon kaɗai ke dannawa. A ɗaya gefen kuma akwai tsoffin da ke riƙe da maɓallin kwana guda ba su taɓa ba, suna zaton ƙararrawar kiran sista ce, ba sa son damun 'yar mutane. Minti biyu na bayani da Hausa ya isa: "Inna, wannan naki ne. Ki danna kafin ki yi tari, ki danna kafin a tashe ki tafiya."

Abin da ya fi canza jinyar ƙirji shi ne kashe jijiyar tun daga tushenta. Tsohuwar hanya ita ce efidural: siririn tiyo da ake sawa a gadon baya, a wajen tantanin da ya rufe laka, yana ɗigar da maganin kashe wuri na kwanaki. Yana aiki ƙwarai, amma yana iya saukar da hawan jini, ya riƙe fitsari, wani lokaci tiyon ya goce, kuma ba a sa shi sai an duba batun maganin tsinka jini. Tsoron da ake yaɗawa cewa allurar baya tana shanye ƙafa, abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Akwai wata hanya ta zuba maganin a gefen ƙashin baya, daidai inda jijiyoyin haƙarƙari ke fitowa, ta ɓangaren da aka yi aikin kaɗai. Wani likitan Jamus, Hugo Sellheim, ya fara ta a 1905, aka yi watsi da ita, aka farfaɗo da ita a 1979. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta fitar a 2016 ta nuna tana rage zafi kwatankwacin efidural, da ƙarancin saukar jini da riƙewar fitsari. A shekarar 2016 ɗin ne kuma likitoci a Kanada suka bayyana wata allurar da ake yi ƙarƙashin tsokar baya da taimakon na'urar sikanin, wadda ta yaɗu saboda sauƙinta. Zaɓin yana hannun likitan sa barci, amma marar lafiya yana da haƙƙin ya tambaya tun kafin ranar aiki wacce za a yi masa.

Abu ɗaya da nake ganin ya kamata a nanata wa kowa: allurar da aka yi sau ɗaya ba a bar tiyo ba tana sakin jiki bayan wasu sa'o'i, kuma sau da yawa cikin dare take saki. Mutumin da ya yini yana hira da 'yan dubiya sai ya farka ƙarfe biyu da azaba, ya ɗauka ɗinki ne ya farke. Da an gaya masa tun da rana, da ya karɓi ƙwayoyinsa a kan lokaci bai ce ai ba na jin komai ba.

Duk wannan an shirya shi ne don a tashi. Tsarin gaggauta farfaɗowa da likitan Denmak Henrik Kehlet ya assasa a shekarun 1990, wanda aka fitar da ƙa'idojinsa na tiyatar huhu a 2019, yana neman mutum ya zauna ya taka cikin kwana ɗaya, ya ci abinci da wuri, a cire tiyo da zarar ya gama aikinsa. Dangi kan ga hakan rashin tausayi ne, har su ce a bar shi ya huta mana. Kwanciyar ce ke kawo nimoniya.

Sai batun gamsuwar marar lafiya da kulawar da aka yi masa. Tun 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya take gudanar da shirin auna ra'ayin marasa lafiya, kuma wanda aka sallama yakan samu saƙo ko kira ana tambayarsa yadda aka kula da shi. Abu ne mai kyau, amma lambar da ke fitowa tana da wuyar fassara. An daɗe da lura cewa mutane suna cewa sun gamsu ko da sun sha azaba. Wani babban bincike na ƙasashe da dama da aka fitar a 2014 daga rumbun bayanan PAIN OUT, a kan mutum fiye da 16,000 da aka yi wa tiyata, ya samu yawancinsu suna ba da maki mai yawa, kuma abubuwan da suka fi tafiya tare da gamsuwa su ne jin cewa magani ya kawo sauƙi, da cewa an sa mutum cikin shawara, da cewa bai rage yana fatan da an ƙara masa ba. Wato mutum yana iya jure zafi 6 ya fita yana sa albarka, in an gaya masa tun farko, an zo da ya kira, an saurare shi. Wani kuma zafinsa 3 ne amma ya fita da ɗaci saboda ya danna ƙararrawa an bar shi sa'a guda, ko an zare masa tiyo ba a ce masa uffan ba.

Amurka ta gwada ɗaure wannan makin da kuɗi ta ƙone hannu. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka yi ta kamfen ɗin a riƙa auna ciwo kamar yadda ake auna zafin jiki da bugun zuciya, daga baya amsoshin marasa lafiya kan ciwo suka shiga lissafin kuɗin da gwamnati ke biyan asibitoci. Wannan ya zo daidai da lokacin da kamfanoni ke tallar ƙwayoyi masu ƙarfi, likitoci da yawa suka ce suna jin matsin su rubuta don kada maki ya faɗi. Da annobar ƙwaya ta yi ƙamari, aka cire tambayoyin daga lissafin kuɗi, daga baya aka cire su daga takardar jin ra'ayin ma. Namu haɗarin ta ɗaya gefen yake. Takardar tana zuwa da Larabci ko Turanci, ɗa ne zai cike a madadin uba, ya danna "mumtaz", wato ya yi kyau ƙwarai, daga sama har ƙasa saboda godiya. Asibiti ya ga maki ya cika, bai san cewa a ɗaki kaza wani ya kwana uku bai yi tari ba. Faɗin gaskiya a wannan takarda ba butulci ba ne. Ita ce hanyar da za a gane ana buƙatar tafintan Hausa a sashen, ko bayanin maɓalli da harshen da tsoho ke ji. Ga kuma layin 937 na ma'aikatar, wanda ake kira don shawarar likita da kuma ƙorafi.

Murafiƙi, wato mai kwana da marar lafiya, yana da aikin da babu na'urar da za ta yi. Ya naɗe tawul ko ya ba da ƙaramin filo a rungume a ƙirji lokacin tari ko atishawa. Ya tuna masa da 'yar robar nan mai ƙwallaye da ake shaƙa, sau da yawa a kowace sa'a in yana farke. Ya rage cunkoson 'yan dubiya, domin dattijonmu zai daure ya zauna ya amsa gaisuwar mutum ashirin, ya ɓoye ciwo a gabansu, su tafi ya zube. A gida a dakata da turaren wuta da shisha a inda yake, hayaƙin yana tayar da tarin da ba shi da amfani. Kada a shafa man zaitun ko habbatus sauda ko zuma a kan ɗinki, kada a yi ƙaho ga mai shan maganin tsinka jini. Salla kuwa, hadisin Imrana ɗan Husaini ya wadatar: a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Mai sabon ɗinki a ƙashin ƙirji ba ya dogara da hannu ya tura jikinsa daga sujada. Kujera ta ishe shi har likita ya sake shi.

Ƙashin ƙirji yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya kama, wani fiye. A wannan lokaci akan hana ɗaukar abin da ya wuce kilo 4 ko 5, kuma jarkar zamzam ɗin nan ta lita 5 da kowa ke rungumowa a filin jirgi ta kai wannan nauyin. Ɗawafi a cikin turmutsutsu ma sai a kan keke. Hawa jirgi sai da izinin likita, musamman bayan aikin huhu, domin iskar da ta rage a cikin ƙirji tana kumbura idan jirgi ya yi sama.

Akwai kuma ciwon da ba ya tafiya da warkewar fata. Bayan yankan gefe, bincike ya nuna kusan rabin mutane suna jin wani abu a wurin bayan wata 3 zuwa 6, yawanci mai sauƙi, kaɗan daga ciki mai tsanani: ƙuna, tsirawa, wurin ya mutu amma gugar riga ta yi zafi, mace ta ji shi a ƙarƙashin mama. Jijiyar nan ce da ƙarfe ya danne. Ba sammu ba ne, kuma yawanci ba cutar ce ta dawo ba, ko da yake ciwon da ya tafi ya dawo, ko yake ƙaruwa, dole a koma a duba. Panadol da Brufen ba su cika taɓa shi ba. Akwai magungunan jijiya da allurai da asibitin ciwo ke bayarwa. An kuma lura cewa waɗanda suka sha zafi mai tsanani a kwanakin farko sun fi faɗawa cikin wannan, wanda ƙarin dalili ne na kada a daure a banza.

Mai komawa Kano ko Sakkwato ko Damagaram ya san cewa abin da ya samu a nan ba lallai ya same shi a can ba. Wani kwamitin mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da danginsa da ake rabawa a duniya. Saboda haka kafin sallama a nemi cikakken rahoto da Turanci: wane aiki aka yi, waɗanne magunguna ake sha, wanne za a rage da yaushe, wanne ba a dainawa, musamman wafarin ga mai bawul ɗin ƙarfe da ranar gwajin jininsa na gaba. In a cikin magungunan akwai tiramadol ko firegabalin ko wani da doka ta sa wa ido, ya kasance cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita mai sunan marar lafiya, a jakarsa shi kansa. Abin da ya rage bayan an warke a mayar wa saidaliyya, kada a ba maƙwabci mai ciwon baya, kada kuma a ba wani alhaji saƙonsa.